RUƁAƁƁEN DABINO A MASALLACI: ME MUKE WARE WA ALLAH?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mawadaci wanda ba ya bukatar kome daga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, maganar da za mu yi a wannan mako ba a kan marowacin da ya ƙi bayarwa take ba, domin shi al'amarinsa a fili yake. Maganar a kanmu take, mu da muke bayarwa, muke salla, muke kuma zaton mun sauke nauyi.

Wata ranar Jumma'a da la'asar 'yan kwamitin masallacin unguwarmu suka roƙe ni in zauna in zama shaida sa'ad da za su buɗe asusun da ake zagayawa da shi cikin sahu. Aka zazzage kuɗin a kan tabarma, sai na ga ma'aji tun kafin ya fara ƙirge ya shiga raba su kashi biyu. Da na tambaye shi dalili sai ya ce kashi ɗaya shi ne wanda zai ɓatu, ɗaya kuwa sai an kai banki an yi roƙo a canza. Na duba kashi na biyun, sai ga takardu yagaggu, wata an liƙe ta da salatif, wata kusurwarta ta gutsure, wata manja ya jiƙa ta har lambar ba ta karantuwa. Kowace ɗaya daga cikinsu na tabbata sai da yaron mota ya mayar da ita, ko mai shayi ya ƙi ta, sa'an nan mai ita ya tuna da Allah. Abin da ya fi damuna shi ne na san jama'ar masallacin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu shaguna biyu da uku a cikinsu, akwai kuma waɗanda direba ke kawowa salla.

Wannan hali kuwa ba yau ya fara ba, har aya ta sauka a kansa. Barra'u ɗan Azibu, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, cewa su mutanen Madina ma'abota gonakin dabino ne. Idan kaka ta yi, kowa yakan kawo zangarniya ɗaya ko biyu gwargwadon abin da ya samu, ya rataya a masallacin Annabi (S.A.W.) saboda Ahlus Suffa, watau matalautan nan da suka yi hijira ba su da gida ba su da dangi, suna kwana a rumfar masallaci. Wanda yunwa ta kama a cikinsu sai ya zo ya bugi zangarniya da sanda, abin da ya kaɗo ya ci. To, sai ya zamana waɗansu da ba su da kwaɗayin lada suna zaɓo zangarniyar da ta ƙeƙashe, ko wadda 'ya'yanta ba su kama ba, ko karyayyiya, su cusa cikin na jama'a su rataya, suna ganin tun da an haɗu da yawa ba mai ganewa. A kan wannan ne aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka, inda Allah ya umurci muminai su ciyar daga kyawawan abin da suka samu ta hanyar sana'a da abin da ya fitar musu daga ƙasa, ya kuma hana su nufar mummuna su ce shi za su bayar, alhali su da kansu in an miƙo musu irinsa ba za su karɓa ba sai sun runtse ido. Barra'u ya ce daga ranar nan kowa sai ya riƙa kawo mai kyan abin da yake da shi.

Ku dubi ma'aunin da ayar ta aza. Ba ta ce a je a tambayi matalauci ko zai karɓa ba, domin mai jin yunwa ba abin da ba zai karɓa ba. Mai bayarwa ta mayar wa da tambayar: kai, da a ce wanda kake bi bashi ne ya zo biyanka da wannan, za ka karɓa? Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan magana, shi da yake ɗaga takardar kuɗi sama ya duba ta a hasken rana, yake kuma soka hannu har ƙasan buhu don ya ga ko abin da ke ƙasa daidai yake da na sama. Mutane sukan kare kansu da cewa ai da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne, amma wannan karin magana na mai karɓa ne, shi ke da ikon faɗinsa don ya lallashi zuciyarsa. Ba hujja ba ce a bakin mai bayarwa wanda ke da mai daɗin a ajiye.

Tun farkon 'yan Adam ma a kan haka aka rabu. Suratul Ma'ida ta kawo labarin 'ya'yan Annabi Adamu biyu da suka miƙa baiko, aka karɓi na ɗaya aka ƙi na ɗaya. Malaman tafsiri sun ce Habila makiyayi ne, ya zaɓo mafi kyan abin da ke garkensa, Ƙabila kuwa manomi ne, ya tsinto mafi munin amfanin gonarsa. Duka biyun sun bayar. Haka kuma a layya an hana yanka dabba mai ido ɗaya, da gurguwa, da marar lafiya, da ramammiyar da ba ta da ɓargo, kuma abin sha'awa, shi dai wannan Barra'u ne ya ruwaito hadisin.

Bari mu zo kan zakkar ɗan kasuwa, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa, sau da yawa kuma ba don mugun nufi ba sai don rashin tambaya. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil, sun kasa 'yan kasuwa gida biyu. Akwai mai jujjuyawa, wanda kaya ke shigowa suna fita kullum, kamar mai shagon atamfa a Kantin Kwari ko mai kayan masarufi a Singa. Akwai kuma mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi, kamar waɗansu masu tara hatsi a Dawanau. Na biyun sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya daga kuɗin. Na farkon kuwa wajibi ne ya sa wa kansa wata guda a shekara, ya yi wa kayansa kuɗi a kan farashin da suke a ran nan, har da waɗanda suka yi kwantai, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa da na banki, da bashin da yake bi wanda yake sa ran za a biya. Ba a lissafa kanta da sikeli da keken ɗinki da sauran kayan aiki. Bashin da ake bin sa yakan cire shi, in dai ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Idan abin da ya rage ya kai nisabi, watau dinari 20, wanda malaman zamani suka auna da zinariya giram 85, sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Misali, mai tsabar kuɗi Naira miliyan 10, da kaya na miliyan 28, yana bin mutanen kirki miliyan 6, ana bin sa miliyan 4, jimlarsa ta tashi miliyan 40, zakkarsa miliyan ɗaya ke nan. Shekarar da ake nufi kuma ta wata ce, mai kwana 354, ba ta Bature mai kwana 365 ba. Wanda ya ɗaure zakkarsa da watan Janairu yana cin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, cikin shekara 33 ya haɗiye zakkar shekara guda cur bai sani ba.

To, lissafi ya fito, miliyan ɗaya. A nan ne Shaiɗan ke zuwa ya zauna a bakin shago. Sai Alhaji ya tuna da wata dila da ta shekara uku a bayan sito, yayinta ya wuce, rana ta cinye gefen turamen, ɓera ya taɓa waɗansu. Sai a sauko da ita, a yi mata kuɗi da farashin da aka sayo ta tana sabuwa, a ce ga zakka, a rarraba wa zawarawa. Da wannan Alhaji ya sami fili a sito, ya rabu da asara, ya kuma sami suna a unguwa. Ita kuwa matar da aka ba turmin, hatsi take bukata da kuɗin magani, sai ta kai wa dillaliya ta sayar a kan kwatan abin da aka rubuta. Don toshe wannan ƙofa ne mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, suka ce zakkar kayan ciniki daga ƙimarsu ake fitar da ita, watau kuɗi, ba kayan ba. Waɗanda suka yi sauƙi ma suka yarda a ba da kaya, sun yi ne don amfanin matalauci, ba don mai kaya ya sami bolar zubar da kwantai ba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan laushi. Mutum yana bin wani bashi, wanda ake bin ya karye, an yi shekara ana sintiri ba a sami ko kwabo ba. Ranar fitar da zakka sai a aika masa a ce an yafe, a rubuta cikin zakka. Shaihu Halil ya ambaci wannan da kansa cikin abubuwan da ba sa isarwa, dalili kuwa a fili yake: kuɗin da ka riga ka fid da rai da su matattu ne, ba ka fitar da kome daga hannunka ba. Yafe wa wanda ya gaza alheri ne babba, Alƙur'ani ma ya kwaɗaitar a kansa, amma a yi shi daban, zakka kuma ta fita daban. Haka nan zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum daga abincin da garin ya fi ci. Gidan da ake dafa shinkafa 'yar gwamnati dare da rana, ranar jajiberen salla sai a aika kasuwa a auno mafi arhar masara, wadda ƙwari suka riga suka huhhuda. Wannan da zangarniyar da aka rataya a Madina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Yadda ake miƙa abin shi ma yana cikin kyansa ko muninsa. Ya zama al'ada a garuruwanmu attajiri ya sa a yi shela, mata da tsofaffi da yara su cika ƙofar gida tun asuba, su wuni a rana ana korar su da bulala, daga ƙarshe a ba kowa abin da ba zai kai shi jibi ba. A watan Maris na 2024, cikin azumi, an yi asarar rayukan mata da 'yan mata a garin Bauchi cikin turmutsitsin karɓar irin wannan rabo. Ba muna tuhumar niyyar kowa ba ne, Allah kaɗai ya san zukata, amma tsarin ne ba shi da kyau. Malamanmu sun halatta a ba matalauci ɗaya abin da zai ishe shi shekara, ko da ya wuce nisabi. Miliyan ɗayan nan ta misalinmu, in aka yayyafa wa mutum dubu, kowa ya sami kuɗin mota ya koma gida yadda ya fito. In kuwa aka ba mutum huɗu ko biyar, wannan ta sami keken ɗinki, wancan ya sami jarin tebur, watakila baɗi ba za su dawo layi ba. Wanda ba shi da lokacin binciken mabukata, akwai hukumomin da aka kafa don haka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da aka kafa a 2003, akwai kuma limamai da masu unguwanni da suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, masu shi kuma kunya ba za ta bar su su fito layi ba.

Kada wani ya ɗauka Musulunci ya ce dole sai an kwashe wa mutum zaɓaɓɓen dukiyarsa. Sa'ad da Annabi (S.A.W.) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman, ya gargaɗe shi kada ya taɓa mafi darajar dukiyar mutane wajen karɓar zakka. Saboda haka mai karɓar zakkar dabbobi tsaka-tsaki yake ɗauka, ba ya ɗaukar ta kiwo mai ƙiba, ba ya kuma karɓar tsohuwa ko mai ciwo. Wannan shi ne iyakar wajibi. Abin da ya wuce nan fage ne na tsere, sahabbai kuwa a nan suka yi mana nisa.

Abu Ɗalha ya fi kowa gonakin dabino a cikin mutanen Madina, wadda ya fi so a cikinsu kuwa ita ce Bairuha'u, tana fuskantar masallaci, Annabi (S.A.W.) yakan shiga ya sha ruwanta mai daɗi. Da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka, wadda ta nuna ba a kai wa ga nagarta sai an ciyar daga abin da ake so, bai tsaya neman tawili ba. Ya tafi wurin Annabi (S.A.W.) ya ce wannan gonar ita ce mafi soyuwar dukiyarsa, ya bayar da ita saboda Allah. Annabi (S.A.W.) ya yaba cinikin, ya ce dukiya ce mai riba, sa'an nan ya ba shi shawara ya sanya ta cikin danginsa, aka raba, Hassanu ɗan Sabit da Ubayyu ɗan Ka'abu na cikin waɗanda suka samu. Wurin gonar yanzu ya shige cikin masallacin Madina ta wajen arewa, alhazanmu suna salla a kai da yawansu ba su sani ba. Sayyidina Umaru ya sami wata gona a Haibara wadda ya ce bai taɓa mallakar abin da ya kai ta daraja ba, sai ya tsare asalinta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta ya tafi ga matalauta da baƙi da matafiya. Daga nan malamai suka ɗauko hukuncin wakafi, wanda muke kira hubusi. Sayyidina Usmanu kuwa, ɗan kasuwa ne kamarku, ya sayi rijiyar Ruma a lokacin da ake sayar wa Musulmi ruwanta, ya bar wa jama'a, gugansa bai fi na kowa ba. Rijiyar tana nan a Madina har yau, da gonar dabino ta wakafi kewaye da ita. Mu kuwa idan za a ba da filin masallaci ko makaranta, sai a nemo wanda ke cikin kwari, ruwa na kwanciya, ko wanda ake shari'a a kansa.

Dukiya ke nan. Lokaci kuwa ya fi ta tsanani, domin zakka sau ɗaya take a shekara kuma sai mai nisabi, amma salla sau biyar take zuwa kowace rana, ba ta bar attajiri ba, ba ta bar masinja ba. In aka haɗa salloli biyar da alwalarsu da ƙyar su cinye sa'a guda cikin ashirin da huɗu. Tambayar ita ce wace sa'a muke bayarwa. Tun muna yara a makarantar zaure aka karanta mana cikin Ahalari cewa kowace salla tana da lokaci na zaɓi da na larura, kuma na larura an ajiye shi ne don mai uzuri, kamar wanda barci ya kwashe, ko ya manta, ko macen da ta sami tsarki. Mai ciniki a bakin shago ba ya cikin masu uzuri. Amma ku zaga kasuwa da la'asar sakaliya ku ga yadda ake rige-rigen buta rana ta yi ja, an bar salla sai da mai saye na ƙarshe ya tafi. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya siffanta sallar munafuki da cewa yakan zauna yana kallon rana har ta kusa faɗuwa, sa'an nan ya tashi ya yi caccaka huɗu kamar tsuntsu, bai ambaci Allah a ciki ba sai kaɗan. Wannan kwantan lokaci ne, an ba Allah shi don ba mai saye.

Jarrabawar kasuwa ba wanda ta ƙyale. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labari cewa wata Jumma'a Annabi (S.A.W.) yana tsaye yana huɗuba sai ayari ya iso daga Sham da kayan abinci, mutane suka watse zuwa wurinsa har ba wanda ya rage sai mutum goma sha biyu, a kan haka ƙarshen Suratul Jumu'a ya sauka. Idan ayari ya iya tayar da mutane daga gaban Manzon Allah, mu da wayar hannu ke kawo mana ayari har cikin aljihu muna cikin sahu, sai mu yi hattara. Amma surar nan ba ta zagi ciniki ba. Cewa ta yi a bar shi in an yi kira, in an idar kuma a bazu a nemi falalar Allah. Wani sahabi ɗan kasuwa, Sahru Algamidi, shi ya ruwaito addu'ar da Annabi (S.A.W.) ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa cikin sammakonta, ya kuma riƙe ta, yakan tura kayansa tun da sassafe, har dukiyarsa ta yi yawa. Wanda ya kwana gaban talabijin har ƙarfe ɗaya, ya yi asuba rana ta fito, ya rasa sahu ya kuma rasa sammako.

Ma'aikacin gwamnati kuwa nasa ciwon fuska biyu gare shi. Akwai wanda taro ke cinye masa azahar da la'asar, yana jin nauyin ya ce wa shugaba a ɗan dakata a yi salla, alhali da gwamna ne ya kira shi da ya bar taron a tsakiya ba tare da neman izini ba. Ga wannan muna tuna wasiƙar da Sayyidina Umaru ya aika wa gwamnoninsa, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda ya gaya musu cewa a wurinsa salla ce mafi muhimmancin al'amuransu, wanda ya tozarta ta kuwa zai fi tozarta abin da ba ita ba. Shugaban ƙasa ne ke rubuta wa ma'aikatansa, bai fara da haraji ba.

Na biyun, a ganina, ya fi muni, domin shi da sunan Allah yake cuta. An tashi sallar azahar, salla ta minti goma sha biyar, sai a bar babbar riga a rataye a kujera, ko tabarau a kan tebur, shaidar cewa ana nan. Daga masallaci a wuce cin abinci, daga nan a ɗauko yara, daga nan a leƙa gini. A bakin ofis kuwa ga tsoho ya taso tun daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranto, yana bin fayil ɗin fanshonsa, masinja yana gaya masa maigida ya tafi salla. Da wane ido wannan tsoho zai dubi salla? Albashi lada ne na sa'o'in da aka yi alkawari a kansu, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sa'ar da aka karɓi kuɗinta ba a yi aikinta ba, kuɗin nan ya shiga cikin abincin gida, ya shiga cikin kuɗin kujerar Makka, ya shiga cikin sadaka. Hadisi ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Saboda haka wanda ya ci rabin kuɗin kwangilar asibiti ya gina masallaci da ushirinsa, bai ba Allah mai kyau ba, bai ma ba shi nasa ba. Zakkar ma'aikaci kuwa a mazhabarmu tana kan abin da ya tara ne, in ya kai nisabi ya kuma shekara. Mafi yawan ƙananan ma'aikata ba za ta hau kansu ba, wasunsu ma sun cancanci a ba su. Abin da ke hannunsu na bayarwa shi ne sa hannu a kan lokaci, da sakin fuska ga wanda ba shi da kowa.

Ko sallar da aka yi cikin lokacinta tana da mai kyau da kwantai. Annabi (S.A.W.) ya kira wanda ba ya cika ruku'u da sujada mafi munin ɓarayi, don yana sata daga sallarsa. Ammaru ɗan Yasir kuma ya ruwaito cewa mutum yakan idar ba a rubuta masa ba sai ushirinta, wani tusu'i, wani sumuni, har zuwa rabi, gwargwadon yadda zuciyarsa ta halarta. Ɗan kasuwar da ba zai yarda a biya shi ushirin kuɗin kayansa ba, ya kamata wannan lissafi ya tsorata shi. Sau nawa muke yin kabbarar harama, kafin a kai ga ruku'u mun gama lissafin dila uku, mun tuna inda muka ajiye makulli? Ni kaina mai wannan rubutu ban kuɓuta ba. Haka sutura: ranar da za a ga babban sakatare tun dare ake goge shadda a feshe ta da turare, amma asuba sai a fito da rigar barci da zanen da aka rufa da shi, alhali Suratul A'araf ta yi umurni a riƙi ado a wurin kowace salla.

Mafi kyau dai ba shi ne mafi yawa ba, kada wani ya karanta wannan ya rufe shago ya tare a masallaci iyali su rasa abinci. Salmanu Bafarishe ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda'i ya ƙaurace wa iyali yana azumi da tsayuwar dare ba hutu, sai ya tilasta masa ya ci abinci ya yi barci, ya tashe shi a ƙarshen dare suka yi salla tare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da haƙƙi a kansa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka tsayar da shi a sulusi, aka ce shi ma yana da yawa. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Alƙur'ani izu sittin ne, mai karanta izu biyu kullum zai sauke a wata, mai izu ɗaya a wata biyu. Wanda bai iya ba ya ɗauki sumuni ɗaya, amma ya ba shi wuri bayan sallar asuba sa'ad da kai yake sake, kada ya bar shi sai ya kwanta yana hamma.

Saura wata mas'ala da wani attajiri ya tare ni da ita bayan mun yi irin wannan hira. Ya ce to shi da ya yi shekaru yana fitar da kwantai da farashin sabo, yana kuma lissafa mataccen bashi cikin zakka, yaya ke nan? Amsar ita ce zakka ba ta faɗuwa don shekaru sun wuce, haƙƙin matalauta ce tana nan a wuyansa, istigfari kaɗai ba ya sauke ta. Sai ya zauna da malami da akawunsa su bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, su kintata abin da ya kamata ya fita da abin da ya isa hannun mabukata a haƙiƙa, ya biya cikon tun yana da rai. Dalilin gaggawar kuwa shi ne, a mazhabar Malik zakkar shekarun baya da mutum ya yi sakaci da ita, in ya bari sai a ciwon ajali ya yi wasiyya da ita, daga cikin sulusin dukiyarsa kaɗai za a fitar, ko da sulusin bai isa ba. In kuwa ya mutu bai faɗa ba bai rubuta ba, ba za a tilasta wa magada su fitar ba. Za su raba shaguna da filaye gwargwadon rabon kowa, shi kuma ya tafi da bashin.